Shekarar Da Aka Yi Shuka Ba Ni

Ban taɓa nufin zama a Ikko, wato Legas, ba. Masu tambayata yau yadda aka yi ɗan manomi daga arewacin Kano ya tsufa a bakin teku sukan zaci wani babban dalili ne ya kawo ni, ko rigima ko neman arziki. Ba ko ɗaya. Cin rani na zo, na 'yan watanni, da sharaɗin in koma gida kafin ruwan shuka, sai na makara.

Ƙauyenmu yana yamma da Makoɗa, a ƙasar da ba ka samun taku goma na fili wanda ba shi da mai shi. Gona tana jingine da gona, iyakarsu layin gamba ne ko 'yar shukar lalle. Mu a gandu muke, wato ni da ƙanena muna noma gonar Babanmu tare da shi daga safe zuwa azahar, abin da aka samu ya shiga rumbunsa, shi kuma ya ciyar da mu, ya tufatar da mu, in lokacin aure ya yi ya yi mana. Ban da wannan, ya yanka wa kowannenmu gayauna, 'yar gonar da mutum ke nomawa da yamma don kansa. Tawa tana gindin wata tsamiya. Shekara huɗu ina kai mata taki a bayan jaki har ƙasarta ta yi baƙi, kuma ina taƙama da ita fiye da yadda ya kamata.

Gyaɗa ce ta fara sa mini Ikko a rai. Kowace kaka mukan loda ta a jakuna, mu bi ta Dawanau mu shiga birni, a auna, a ɗinke buhuna, jirgin ƙasa ya kwashe. Na tambayi wani mai awo ina ake kai ta, ya ce Ikko, daga can kuma a zuba ta a jirgin ruwa zuwa ƙasar Turawa. Lokacin ba a daɗe da gama babban yaƙinsu ba, waɗanda suka je soja sun dawo da labarin ruwan da ba a ganin ƙarshensa. Ni kuwa babban ruwan da na sani shi ne rafin Watari, wanda da rani sai an tona yashinsa kafin a sami na sha.

Baba ba mai yawan magana ba ne, kuma ba ya maimaita ta. Yana zaure yana gyaran ƙotar fartanya na je na durƙusa na gaya masa abin da nake so.

"Samari suna zuwa Jos, suna zuwa Zariya," in ji shi. "Kai sai ƙarshen ƙasa?"

Na ce, "Baba, can aka ce akwai aiki."

"To, ka je. Amma ranar da aka yi ruwan shuka ina son in ga sungumi a hannunka, bayana ba ya ɗaukarsa yanzu. Wanda bai sa iri a ƙasa tare da mu ba, ba shi da hannu a gandun bana. Gayaunarsa kuma ba za a bar ta ba shuka don ana jiransa ba. Ka ji?"

Na ce na ji. Sungumi shi ne doguwar fartanyar da ake sarar ramin shuka da ita, mai riƙe da shi yana gaba, masu iri suna biye suna zubawa suna rufewa da diddige. A gidanmu babban ɗa ke riƙe shi, kuma ni ne babba. Inna ta ɗaure mini ƙuli-ƙuli da garin kuka da daddawa a tsumma, ta ce kada in ci abin da ban san sunansa ba.

Kwana biyu muka yi a jirgi. Ina kallo ta taga kukoki suka ƙare, itatuwan da ban sani ba suka rufe hanya, har na daina ganin nesa. Da muka sauka a tashar Iddo, abin da ya fara tarbata wari ne, na kifi da laka da hayaƙin gawayi. Washegari aka kai ni na ga teku. Na tsaya na daɗe, sannan na kamfato da hannu na ɗanɗana, na tofar. Na ce a raina, ashe duk wannan uban ruwa ba ya shayar da ko akuya.

Na sauka a gidan wani dattijo mutumin Gaya, mai sayar da goro, wanda ya fi shekara ashirin a garin. Maigida muke ce masa. Yana da wani dogon ɗaki mai rufin kwano inda 'yan Arewa ke kwana, mu goma sha biyu, kowa da tabarmarsa. Shi ya haɗa ni da wani heluma, wato shugaban lebura, a Apapa, inda manyan jiragen ruwa ke tsayawa. Kullum da safe mu tsallaka a ƙaramin jirgin fito, mu wuni muna sauke buhuna daga taragu muna kai su inda inji zai ɗaga ya zura a cikin jirgi. Buhunan kuwa na gyaɗa ne. Na bar gida don in ga inda ake kai ta, sai ga ni ni ne jakin da ke ɗaukarta. In buhu ya fashe ƙamshinta ya tashi, sai in ga tsakar gidanmu ana ɓara, in rasa inda zan sa fuskata.

Aikin bai dame ni ba, na saba da nauyi. Abin da ya dame ni shi ne komai na garin a jiƙe yake. Ka wanke riga ta kwana biyu ba ta bushe ba. Garin kukar Inna ya yi fumfuna kafin sati uku, na zubar da shi ina jin kamar na yi mata laifi. Garin rogo da manja na koyi ci don dole. Fura kuwa sai dai ranar Juma'a, wajen wata tsohuwa a bakin masallaci, ita ma da gani ka san geron ya sha hanya. Da la'asar, lokacin da a gida za ka ji daka yana tashi daga gida zuwa gida, nan sai jiniyar jiragen ruwa. Ina kewar gida ƙwarai, ba na ɓoye wa kowa.

Na yi kamar wata uku a garin, rannan da hantsi ina ɗauke da buhu sai hadari ya taso daga wajen teku, aka sako ruwa kamar da bakin ƙwarya. Na yar da buhun a nan, ban ko nemi heluma ba, na tsallaka na nufi masauki a guje ina lissafin kwana biyun jirgi da yinin tafiyar ƙasa. Ina cikin ɗaure kayana Maigida ya leƙo.

"Lafiya? Mutuwa aka yi?"

Na ce, "Ruwan shuka, Maigida. Baba na jirana."

Ya dube ni, ya dubi ruwan da ke zuba daga kwano, sai ya fashe da dariya har goron bakinsa ya faɗo. Da ya lafa ya ce, "Zauna, ɗana. Wannan ruwan ba naka ba ne. Ruwan nan yana riga na gida da wata biyu, wani lokaci uku. Yanzu a garinku ko zafin bazara bai kankama ba."

"To yaya zan yi in san namu ya zo?"

"Ga jirgi nan yana saukowa daga Kano. Ka riƙa tambayar masu sauka."

Shawara ce mai sauƙi, kuma da na bi ta da ba ni nake wannan rubutu ba. Amma kafin magariba labari ya game ɗakinmu, washegari ya game bakin aiki. Suka laƙaba mini mai sungumi. Ko yayyafi aka fara sai wani ya ɗaga murya, "Mai sungumi, ga ruwanka, sai tasha." Heluma ma da ba Bahaushe ba ne ya koyi kalmar. Sau ɗaya na daure na je tasha na tambayi wani mai babbar riga da ya sauko ko an fara hadari a Kano. Ya kalle ni sama da ƙasa ya ce shi ɗan kasuwar birni ne, ba a gona yake kwana ba. Biyu daga 'yan ɗakinmu suna wurin suna dako, suka ji. Daga ranar na rantse ba zan ƙara tambayar kowa ba.

Mu a ƙauye ba da wata muke sanin lokacin shuka ba, domin watanni zagayawa suke yi, azumi ya zo da rani ya zo da damina. Alamu muke dubawa. Zafi ya tsananta har a kasa kwana a ɗaki, iska ta juya, tsamiya ta yi sabon ganye, sannan shamuwa ta sauka a kan kukar da ke bayan masallaci. In shamuwa ta sauka, kowa ya fiddo irinsa ya duba sunguminsa. A Ikko babu ko ɗaya daga cikin waɗannan. Zafinsu iri ɗaya ne kullum, itatuwansu ba sa tuɓe ganye balle su sake. Amma na tuna tun ina yaro ake cewa daga kudu shamuwa take zuwa mana. To ni kuwa ga ni a ƙarshen kudu, bayana sai ruwa. Na ce ashe dole ta nan za ta bi. Ranar da na ga ta wuce sai in hau jirgi, mu isa kusan tare. Na ji daɗin wannan dabara tawa ƙwarai, har ina yi wa 'yan ɗakinmu kallon marasa wayo, kuma ban gaya wa kowa ba.

Haka na shiga kallon sama. A jirgin fito da safe, kowa na gyangyaɗi ni kaina na ɗage. In aka tashi cin abinci sai in hau tarin buhuna in zauna ina duban wajen teku. Na ga shirwa, na ga balbela, na ga wasu fararen tsuntsaye masu bin jiragen ruwa suna kuka kamar jarirai. Sau biyu na ga wani baƙin tsuntsu mai dogon wuya na zaci ita ce, sai in ga ya nutse cikin ruwa ya fito da kifi. Heluma ya ce in na ƙara cin karo da mutane ina kallon sama zai sallame ni. Ruwa kuwa sai ƙaruwa yake, yau da gobe, har na daina bambance wannan sati da wancan.

A nan dole in faɗi gaskiya, tunda waɗanda zan ji kunyarsu duk sun riga ni. Jiran shamuwa ya yi mini daɗi domin bai hana ni komai ba. Ana biyanmu duk Asabar. Na sayi bargo mai kauri don Baba, na sayi fitilar ƙwai don Inna, na fara tsayawa a gaban kantin da ake sayar da kekuna. Na fara jin Yarabanci kaɗan, har mai sayar mini da abinci tana ƙara mini kifi. Ina son gida, wallahi ina so, amma wani sashe na zuciyata yana cewa bari dai tsuntsuwar ta ƙara sati ɗaya.

Wata ranar Lahadi da rana wani mutumin wajen Dambatta ya sauka a gidanmu, ya rako shanu a jirgi. Muna cin abinci a kwano ɗaya sai ya ce shi gobe zai juya, ba zai tsaya yawon ganin gari ba, ciyawa na nema ta cinye masa gero.

Na tsaya da loma a hannu. Na ce, "Malam, an yi shuka ne?"

"Shuka? Yau kwana ashirin da wani abu. Gero ya fara ɓoye kaza."

"Shamuwa fa?"

Ya dube ni yana mamakin tambayar. "Shamuwa ai har ta yi sheƙa ta kwanta a kan ƙwai."

Ranar babu wanda ya kira ni mai sungumi. Maigida ne kawai ya ce, a hankali, "Ai na ce maka ka riƙa tambaya." Sai daga baya na ji cewa shamuwa ba ta bin bakin teku, tana da hanyarta can ta cikin ƙasa. Mutanen Ikko ko sunanta ba su sani ba.

Tafiyar komawa ita ce mafi tsawo da na taɓa yi. Daga birni na kama hanya a ƙasa da ƙunshina a ka, ko'ina kore shar, mutane a sunkuye cikin gonaki suna noman farko. Duk wanda ya ɗago ya gane ni sai ya ce, "A'a, mutanen Ikko, sai yanzu?" Na bi ta gandunmu na ga gero ya tashi. Layukan gefen gabas a miƙe suke, sauran kuwa sun ɗan karkace, na gane hannu biyu ne suka yi saran. Na ƙarasa gindin tsamiya na ga gayaunata an shuka mata dawa da wake, an nome ta tas.

Baba yana zaure. Na durƙusa na gaishe shi ina jiran faɗa, har na shirya wuyana. Sai ya ce, "Maraba, maraba. Sannu da hanya. Yaya mutanen Ikko?" Ya sa aka ɗauko sabuwar tabarmar da ake shimfiɗa wa baƙi, aka kawo mini ruwa a ƙwarya mai faifai. Da yamma aka yanka kaza. A gidanmu ba a yanka wa ɗan gida kaza, kuma ba a kawo masa tuwo shi kaɗai a akushi, amma haka aka yi mini. Na miƙa masa bargon, ya karɓa da hannu biyu ya ce, "Kai, an gode, Allah ya saka da alheri." Da ya ɗauki sanda ya rufe ni da duka da ya fi mini sauƙi.

Inna ce ta ba ni labari a bakin murhu. Ta ce ranar da aka yi ruwan, Baba ya hana kowa fita har hantsi, yana tsaye a ƙofar gida yana duban hanya, alhali maƙwabta duk sun yi nisa da shuka. Daga nan ya ɗauki sungumi da kansa. Ya yi layi goma sha wani abu bayansa ya riƙe, sai da aka kamo shi aka kawo shi gida, ƙanena ya ƙarasa. Gayaunata kuwa kwana uku ya bar ta, rana ta huɗu ya ce wa ƙanena ya je ya shuka, tasa ce.

Da gari ya waye kowa ya ɗauki fartanyarsa, ni ma na ɗauki ɗaya. Baba ya ce, "Ajiye. Ka sha hanya, ka huta." Washegari ma haka. Rana ta uku na same shi na kwashe labarin shamuwa duka na gaya masa, da dariyar da aka yi mini, da kallon saman da na yi. Ya saurara har na gama.

"Shamuwa ta zo a kan lokacinta," in ji shi.

Ƙanena ya same ni a bayan gida, ya kasa haɗa ido da ni, ya ce mu raba gayaunar in an girbe. Na ce masa ya riƙe, shi ya shuka. Inna ta ce in yi haƙuri in zauna, in ci abin da aka ba ni in yi shiru, in kaka ta yi Baba zai sauko. Yau na san gaskiya ta faɗa. Amma taurin kan da ke gare shi, shi ke gare ni. Ba zan iya zama a zaure ni kaɗai da kaji ba, ƙato da ni, gari duk ya watse gona, matan da ke kai abinci suna wucewa suna yi mini sannu da hutawa. Kwana tara na iya.

Na gaya wa Baba zan koma Ikko in ƙarasa shekarar. Na faɗa ne don ya ce in zauna. Kalma ɗaya nake nema, ko da cikin faɗa ce. Ya ce, "To, Allah ya kiyaye hanya." A ranar ban sani ba cewa baɗi zan ce sai na tara kuɗin keke, baɗin baɗaɗa in yi aure a can, ko cewa ba zan ƙara sarar ramin shuka a ƙasarmu ba. Na riƙa zuwa gida da Salla, ana shimfiɗa mini tabarmar nan, har Baba ya rasu.

Ranar da zan koma, da safe na ɗauki ƙunshina na yi sallama da Inna, tana ta goge ido da bakin zane. Na fito zaure sai na ga Baba ya sa hula ya ɗauki sandarsa. Uba ba ya yi wa ɗansa rakiya a wajenmu, baƙo ake rakawa. Muka bi ta tsakanin gonaki, shi a gaba yana dogara sanda, bayansa a ɗan tanƙware, raɓa tana jiƙa mana ƙafa. Sau biyu ya rage tafiya kamar zai juyo ya yi magana, sai ya ci gaba. A iyakar gonakin ƙauyenmu, inda hanyar birni ta fara, ya tsaya ya miƙo mini hannu. Na riƙe shi da hannu biyu. Ya dubi hanya, bai dube ni ba.

Ya ce, "Ka gai da gida."

Na ce, "Za su ji."